Abin da Na Binne a Fadamar Babana

Ni na kashe fadamar babana. Na sa wannan a farko don kada wani ya karanta rabi ya ce mutumin nan wanke kansa yake nema. Ba na nema. Wanda ya kamata in wanke kaina a gabansa yana cikin ƙasa yau shekaru, kuma ko lokacin da yake bisa ƙasa bai ba ni kunne ba.

Fadamar tana gangaren hanyar Kalambaina, inda tudu ke ƙarewa a doshi gulbi. Ba wata babba ba ce. Amma baƙar ƙasa ce mai maiƙo, in ka dunƙula ta a hannu sai ta riƙe shatin yatsunka, in ka kafta hauya sau ɗaya sai ka raba tana biyu. Da damina ruwa ya hau ya rufe ta, Baba ya yi shinkafa. In ruwa ya janye, ya ja fangali ya dasa albasa, ya kafa jigo yana ban ruwa. Da albasar nan aka yi mana kaciya, da ita aka yi mana aure. Kuma duk fadamar an san Baba da abu guda: shi ne farkon mai sharar gona. Tun bazara, kafin kowa ya ga hadari, zai tara kara da busasshiyar ciyawa ya cinna wuta, gona ta fito fes. Yakan ce, "Gona huskar mai ita ta. Wanda yab bar gonatai da datti, huskatai yab bari."

Mu biyu ne maza a gidan. Yayana ya bi kasuwa tun yana ƙarami, ya zama mai sayar da atamfa da shadda. Ni aka kai boko. Na yi shi rabi, irin rabin da bai isa ka zauna bayan tebur ba, amma ya isa ka raina hauya.

Sai ga kuɗin mai. Wanda bai ga Sakkwato a shekarun nan ba, ba zai gane ba. Soja ke mulki, rediyo na ta cewa kowa ya koma gona, masu faɗar kuwa ko ɗaya bai koma ba. Motocin siminti ba sa hutawa, gidaje na tsirowa a unguwar Arkilla kamar ciyawar damina. Aka ɗauke ni aikin feshi a wani ofishin gona. Aka ba ni kaki, da takalmin roba, da famfon goyo, da babur. In na shiga ƙauye fesa maganin ƙwari, tsofaffi masu furfura na ce mini ranka ya daɗe. Kaina ya kumbura. Na taɓa ce wa Baba a gaban mutane noman da yake yi noman jahiliyya ne. Ya ci gaba da ɓare goronsa.

Maganin kuwa an sayo shi kamar za a yi yaƙi da ƙwarin duniya duka. Gangunan ƙarfe jere har rufin sito. Ko kwata ba a taɓa ba. Shekara biyu zafi na dukansu, suka yi tsatsa suka fara yoyo. In ka buɗe ƙofar siton sai hawaye ya zubo maka. Ko ɓera ya daina shiga.

Wata Laraba maigidana na ofis ya kira ni. Mutum ne mai tumbi, da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ya ce gwamnan soja zai turo masu bincike ranar Litinin.

"Ba na son su ga ganga ko ɗaya mai yoyo. Kai ɗan gari ne. Ba ka san wani wuri ba?"

Ya ƙara da cewa akwai kujerar obasiya, shugaban masu feshi, da babu kowa a kanta. Bai ce zai ba ni ba. Cewa ya yi akwai ta.

Lokacin Baba yana Makka. Yayana ne ya biya masa kujerar jirgi, kuma bai bar kowa a unguwarmu Minanata ya manta ba. Saboda tafiyar, Baba ya bar fadamar ta huta wannan ranin. Ranar Juma'a, ana cikin huɗuba, fadama ba kowa sai tsuntsaye, na shigo da motar a-kori-kura ta ofis da lebura huɗu. Muka haƙa rami a tsakiyar gonar har ya kai ƙirji, muka mirgina ganga goma sha ɗaya ciki, muka mayar da ƙasa, muka tattake. Na koma gida na yi wanka na ci tuwo. Ban ji komai a raina ba, kada in yi wa kaina ƙaryar cewa na ji.

Baba ya dawo da haƙorin Makka da farar hula. Kwana biyu da saukarsa ya je gaida gonarsa, ya ga wurin da aka taɓa. Na ce masa rijiya na gwada haƙa masa, don ya huta da jan ruwa daga nesa, na tarar da dutse na mayar. Ya dube ni ya daɗe. Sai ya dafa kaina, ni da nake da mata da ɗa, ya ce, "Allah shi yi maka albarka. Ashe kana tuna ƙasagga."

Damina ta zo, ruwa ya hau ya kwanta bisa fadamar wata uku. Shinkafa ta fito, ta fara rawaya daga tsakiya, ta kwanta. Da ruwa ya janye, kududdufin gefen gonar ya cika da kifi ciki sama, tarwaɗa da karfasa. Balbelar da ta ci ta mutu a wurin. Kwaɗi suka yi shiru. Baba ya dasa albasa, kwana uku ta ƙone kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Ya sake dasawa. Ta sake ƙonewa.

Ya kira ni bakin gonar ya ce, "Kai da kay yi boko, mi na na ciwon ƙasagga?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Wataƙila gishiri na yat taso."

Ƙasar kuwa warin kakina take yi sak. Amma uba ba ya shinshinar ɗansa da zato.

Sai ya je wajen wani malami, malamin ya ce sammu ne, an binne masa abu a gona. Zargi ya faɗa kan maƙwabcinmu na gona, wani tsoho mai noman tattasai da muke ce wa Baffa, abokin Baba tun suna kamun fara. Sun taɓa saɓawa a kan iyaka, shi ke nan hujjar. Baba ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya faɗa masa a gaban jama'a. Baffa ya rantse har ya yi kuka, hawaye na bin farin gemunsa. Ina tsaye a wurin, takalmina a hannu. Na saka su na wuce gida.

Aka sa ranar tonon sammu. Da hantsi mutanen fadama suka taru, har da Baffa, wanda ya ce sai ya ga abin da aka ce ya binne. Baba ya miƙo mini diga.

"Kai ka da ƙarhi. Tona."

Na nufi gefe. Ya nuna tsakiya da sandarsa.

"Nan. Inda kay yi rijiyakka. Nan ciwon yaf fara."

Na tona. Gumi na zuba, ba na rana ba. Duk saran da na yi ina roƙon Allah ƙasa ta haɗiye su ta kai su can ƙasa. Da ramin ya kai gwiwa, diga ta ce ƙwal. Wari ya taso, mutane suka toshe hanci suka ja baya. Aka share ƙasa, ga bayan ganga ya fashe, ga tambarin ofishinmu, irin wanda ke jikin aljihun kakina da jikin babur ɗina. Babu wanda ya buƙaci iya karatu.

Baffa ya leƙa ramin ya ce, "Alhaji, tun da nike ban taɓa ganin laya mai girman wagga ba."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya haɗiye ta. Baba bai mare ni ba. Da ya mare ni da na samu sauƙi. Ya taka zuwa gaban Baffa, ya cire farar hularsa ta Makka, ya durƙusa a cikin wannan ƙasa mai wari ya nemi gafara. Da ya miƙe sai ya dubi wajen da nake cikin rami ya ce, "Rijiya ta ba da ruwa." Ya juya ya tafi.

Daga ranar bai sake kiran sunana ba. Gwamnati yake ce mini. In na shiga gaishe shi sai ya ce, "Ku ba Gwamnati tabarma." Aka raba mini kwano. Na je wajen maigidana na ofis, ya ɗago kai daga jarida ya ce, "Wa ya aike ka? Akwai takarda?" Kujerar obasiya ƙanin matarsa aka ba. Soja suka tafi, farar hula suka zo suka ci nasu, soja suka dawo da bulala suna rage ma'aikata, sunana na cikin na farko. Na koma shagon yayana ina ninke atamfa. A gaban masu saye yakan ce, "Obasiya, ɗauko wa Hajiya mai ruwan goro."

Fadamar ta shekara bakwai ba ta ba da komai ba. Tsakiyarta tas kamar tafin hannu. A baki-baki ne kawai ciyawar ƙiri-ƙiri ta fara rarrafowa.

A shekara ta bakwai wani siririn mutum mai tabarau ya zo shago yana tambayar masu mataccen fili na gangaren Kalambaina. Malamin kimiyya ne a jami'a, bai kai ni shekaru ba, Hausarsa ba irin tamu ba. Na kai shi. Ya tsugunna ya ɗebi ƙasar ya shinshina, ya washe baki kamar an yi masa albishir ɗin haihuwa. Na so in mare shi.

Ya ce, "Malam, a cikin ƙasa akwai halittu masu rai da ido ba ya gani. Bakteriya muke ce musu. Su ke sa ƙasa ta zama ƙasa. Gubar nan ta kashe yawancinsu. Amma dubi bakin nan da ciyawa ta fara dawowa. Wasu ba su mutu ba. Yunwa ta koya musu cin gubar, suna farfasa ta, ta koma abin da ba ya cutarwa. Sai dai ba su da yawa. In na ɗebe su na kiwata su suka hayayyafa, muka dawo da su muka ba su abinci da ruwa da inuwa, za su iya cinye abin da ke nan."

Na ce, "Ni ma da ina da kaki, irin wagga magana nika hwaɗa wa mutane."

Bai ji haushi ba. Ya ɗauke ni a motarsa har ɗakin gwajinsu, ya ɗiga ruwan laka a wani gilashi, ya ce in sa ido a madubin da ke ƙara girman abu. Na ga wasu 'yan sanduna-sanduna suna wutsil-wutsil. Na daɗe ina kallo. Tun ranar tonon sammu ban ji wani abu ya motsa a ƙirjina ba sai ranar.

Da farko aka tone gangunan, mutanensa da safar hannu da ƙyalle a hanci, aka loda su a mota. Ban tambayi inda za a kai su ba. Wanda aka sauke wa kaya ba ya tambayar inda za a ajiye. Bayan wata uku ya dawo da jarka huɗu cike da wani ruwa mai launin jiƙon tsamiya. Muka kwaɓa shi da kashin shanu da na yi ta ɗaukowa daga ruga, da buntun shinkafa, muka baza a gonar, muka lulluɓe da ciyawa mai kauri har ƙasa ba ta ganuwa. Ya kafa mini doka uku: kada ya bushe, kada a juya, kada wuta ta matso. Haka za a riƙe har ruwan sama ya sauka.

Na je in gaya wa Baba. Lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, yana zaune a zaure da rediyo a kunne. Ya ji takuna ya ce, "Gwamnati na da sanarwa?" Na fasa. Na fita na roƙi yayana ya gaya masa. Ya kuwa gaya masa, ranar Juma'a bayan an sauko, gida cike da dangi.

"Baba, Obasiya ya koma kiwo hwa. Dabbobinai ba a ganinsu, ba a yanka su, ba su nono. Amma kullum shina ba su ruwa da jigo."

Gida ya ɗauki dariya, har mata daga ciki. Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Mi yab binne wanga karo?"

Ina zaune a wurin. Da na buɗe baki na ce, Baba, ga abin da ake yi, ga dalilin ciyawar, kada a taɓa ta. Magana ce da ba ta kai tsawon alwala ba. Girman kai ya kama mini harshe. Na ce a raina, bari ta yi kore ya gani da idonsa. Ban ko tuna idon tafiya yake yi ba.

Wata huɗu ina kan jigo, daga asuba har rana ta take, in koma da la'asar. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Gonar na wari, ƙudaje sun yi mata baƙi, ciyawa na ruɓewa. Amma a wata na biyu na ɗaga ciyawar na shinshina, na ji warin kakin nan ya ragu, wani ƙanshi na tasowa irin na ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Malamin ya zo ya ɗebi ƙasa ya auna, ya ce gubar na sauka, in riƙe wuta. Na ce masa ya daina ambaton wuta.

Mutanen fadama kuwa abin dariya suka samu. Bazara ta shigo, kowa ya share gonarsa ya ƙona, tamu kaɗai ta rage tulin ruɓaɓɓiyar ciyawa a tsakiyarsu. Suka ce gonar Alhaji ta zama juji, ko masu kwasar shara a kai can. Maganar ta bi sahu har ta kai kunnen Baba a masallaci. Mutumin da ya shekara hamsin shi ne farkon mai shara.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni. Kwana huɗu ban san inda kaina yake ba. Kwana huɗu na zafin bazarar Sakkwato sun isa su mai da saman ciyawa abin da ashana ɗaya za ta cinye. A rana ta huɗu da hantsi wani mai keke ya tsaya ƙofar gidana yana kira, "Tashi, Alhaji na hwadama, kuma akwai hayaƙi."

Ban san yadda na kai ba. Na tarar da tsofaffi biyu tsaye a bakin gona, Baffa riƙe da kan sandar Baba, shi ya jawo shi tun daga gari. Gonar baƙi ƙirin, toka na tashi, wuta ta gama aikinta tana lasar iyaka. Baba ya fuskanci zafin, fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin Makka.

Ya ji numfashina. Ya ce, "Na share maka ƙazantakka. Ko matatta ta, ba a barin gawa cikin datti."

Abin da na faɗa zan rubuta shi yadda na faɗe shi. Na ce, "Ni na kashe ta ina wawa ban san komi ba. Kai ka kashe ta da hurhura bisa kanka, tana tsakar tashi. Wa ka ba makaho ashana?"

Baffa ya ce, "Kai! Ubanka na hwa!"

Baba ya ce, "Bar shi, Gwamnati ta ka magana." Ya juyo da kansa wajena, muryarsa ta sauka, ya ce, "Tashi kac ce?"

Nan ne ƙofa ta buɗe, sau ɗaya tak cikin shekara takwas. Da na tsugunna na kama hannunsa na gaya masa komai, da jarkoki, da 'yan sandunan da na gani, da ƙanshin da ya dawo. Na san ya fara ganewa, kuma na san ganewar za ta yi masa ciwo, sai na ji ina son ta yi.

Na ce, "Awo, tashi. Amma ba komi. Ta yi fes yanzu. Huskarka ta yi kyau."

Na bar su tsaye cikin hayaƙi.

Malamin ya zo bayan kwana biyu. Ya tsokani ƙasar da wani ƙarfe, ya ɗauki hoto, ya yi rubutu a littafinsa. Ya ce wuta ta kashe na sama, rana za ta ƙarasa na ƙasa tunda babu inuwa babu laima. Na ce to a kawo wasu jarkokin. Ya ce wutar lantarki ta ɗauke musu kwana da kwanaki, na cikin firiji sun mutu, an kuma yanke kuɗin bincike, shi ma ya samu gurbin karatu a ƙasar waje zai tafi.

Ya ce, "Amma wannan ma sakamako ne. Zan rubuta shi."

Na ce, "Rubuta. Kai ka samu takarda, ƙanin matar maigidana ya samu kujera, kowa ya ci fadamagga sai mai ita."

Har ya kai mota ya dawo. Ya nuna mini gindin jigo, inda guga ke ɗiga kullum. Wuri ne kamar faɗin tabarma, ciyawarsa jiƙe, wuta ta kewaye shi ta wuce. Ya ce, "Nan da sauransu. Gwada daga nan. Ban yi maka alkawari ba." Ban sake ganinsa ba.

Na yi yadda matan ruga ke yi da nono, su ajiye ɗan tsami su zuba a sabon tatsa. In ɗebi kwando ɗaya na ƙasar gindin jigo, in kwaɓa da kashin shanu da buntu, in baza a fangali guda, in lulluɓe, in yi ta ba shi ruwa. In ya yi wata biyu in ɗebi nasa in kai na gaba. Na bar shagon yayana. Na yi bukka a bakin gonar, duk bazara ina gadi, ba don ɓarawo ba. Shekara uku ina wannan. Tsakanina da Baba sai gaisuwa, ita ma Gwamnati ake amsa wa.

A shekara ta uku, bayan ruwa ya janye, na kafta hauya a fangali na shida na ga abu na motsi. Tana ce. Siririya, ja, ba ta kai ɗan yatsa ba. Na zauna a ƙasa. Sai na ɗebe ta da ƙasarta a gwangwanin madara na nufi Minanata da gudu-gudu kamar mahaukaci.

Lokacin idon Baba ya rufe gaba ɗaya, yana kwance a tabarma a tsakar gida ana sha masa iska. Baffa ya rasu bara waccan. Na durƙusa na ce, "Baba, miƙo hannu."

Ya miƙo. Ban yi zaton zai miƙo ba. Na juye masa ƙasar a tafi. Ya murza ta da babban yatsa, ya kai hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa. Tanar na motsi a tsakanin yatsunsa, na ga ya ji ta.

Sai ya ce, "Gonar wa kat tono ta?"

"Taka, Baba. Wallahi taka."

"Ka ce min rijiya, nas sa maka albarka. Ka ce min gishiri, nas sa abokina kuka gaban masallaci. Yanzu da ba ni gani, ka kawo min tana."

Ya kife hannunsa. Ƙasar ta zube a kan daɓe. Wata kazar gidan ta sheƙo ta tsince tanar ta haɗiye, ta tsaya tana dubana ko da ƙari.

Na ce a aika wanda ya yarda da shi ya je ya gani. Ya ce wanda ya yarda da shi yana kabari. Na roƙi yayana, ya ce motarsa ba ta shiga laka, in sanyi ya wuce sai a duba. Sanyi bai wuce ba Baba ya rasu. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, don ni na fi saba rami.

Ranar rabon gado yayana ya ce a gaban dattawa, "Hwadama ta Obasiya ta. Shi yas san abin da ac ciki." Ya ɗauki gida. Babu wanda ya yi musu, ni ma ban yi ba.

Yau fadamar na ba da albasa, ban da tsakiya, inda har yanzu take fitowa ƙanana kamar goro. Babu wanda ya sake auna ƙasar, don haka ban san ko gubar ta ƙare ko ɓuya ta yi ba. Shekarar farko na aika wa yayana kwando ɗaya Arkilla, aka dawo mini da shi ko ɗaurin ba a kwance ba, da saƙon wai yara na da ƙananan ciki. Sauran albasar motoci ke kwasa su yi kudu, mai saye ba ya tambayar tarihin gona. Abin da nake yi kawai, duk shekara ta farkon da na cire daga tsakiya ni ke cinye ta ɗanya a gindin jigo, in zauna in jira in ji ko wani abu zai same ni. Har yanzu sai hawaye, shi ma na albasa ne.

Ba na ƙona gona. In bazara ta zo hayaƙi ya tashi gabas da yamma, tawa na nan lulluɓe da ruɓaɓɓiyar ciyawa, ƙudaje na bi. Jikokin waɗanda suka yi dariya ranar tonon sammu in sun wuce sukan toshe hanci su ce duk fadamar nan babu gona mai datti irin ta ɗan Alhaji. Ba na musu. Na san abin da Baba ke cewa game da gona da fuska, kuma ban ga inda ya yi kuskure ba.